Jif mai ogzilari a kan dusar ƙanƙara: amsa ga Alhajin da ɗansa zai tafi Kanada

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na ga tambayarka, cewa yaronka ya samu gurbin karatu a Winnipeg ta ƙasar Kanada, zai tafi da matarsa da jaririnsu, kana so ka haɗa masa kuɗi ya sayi jif mai jan ƙafa huɗu, irin wadda direbobinmu ke cewa mai ogzilari, tunda an gaya maka garin dusar ƙanƙara ne, kuma kana tambaya ko wannan ya isa hankalinka ya kwanta. Allah ya sanya alheri, ya sa a gama lafiya.

Gaskiya ranka ya daɗe bai isa ba. Na yi shekaru ina aikin mota a irin wannan sanyin kafin na dawo gida Kano na buɗe gareji, kuma abin da nake gaya wa duk wanda zai tafi shi ne ogzilari tana taimaka wa mota ta tashi ne kawai, ba ta ƙara mata komai wajen tsayawa, kuma abin da take ƙarawa wajen shan kwana kaɗan ne ƙwarai. Mutum kuma ba ya mutuwa don motarsa ta ƙi tashi a bakin danja, yana mutuwa ne don ta ƙi tsayawa.

Duk girman mota, inda take taɓa ƙasa wuri huɗu ne, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba. Ta nan injin yake turawa, ta nan burki yake riƙewa, ta nan sitiyari yake juya ta. Abin da ogzilari ke yi shi ne ta raba ƙarfin injin wa taya huɗu maimakon biyu, shikenan. Amma burki fa? Kowace mota a duniyar nan burkinta a taya huɗu yake, ƙaramar Corolla da ake kabu-kabu da ita a Zoo Road taya huɗu take kamawa idan an taka, Land Cruiser ma huɗu. Kenan da zarar ƙafa ta bar totur ta koma kan burki, fifikon jif ya ƙare, an koma daidai wa daida, ita jif ɗin ma ga nauyi ga tsayi, idan ta zame gefe tayarta ta daki dakalin titi ko tudun dusa ta fi ƙaramar mota saurin wuntsilawa.

Bari in saka lissafi don abin ya fito fili. Riƙon da taya ke yi wa busasshiyar kwalta, a ma'aunin injiniyoyi, yana kai wajen 0.7 ko sama da haka. A kan dusar da motoci suka danne ta yi tauri yana saukowa wajen 0.2, a kan zallar ƙanƙara kuwa wajen 0.1 ne, wani lokacin ma ƙasa da haka. Mota mai gudun kilomita 50 a awa, wato gudun cikin gari wanda ba wanda zai ce ka yi ganganci, a busasshiyar kwalta za ta tsaya cikin mita 14 ko makamancin haka daga sanda burki ya kama. A danniyar dusa sai ta ci kusan mita 50. A ƙanƙara kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo kenan tana tafiya kana take da burki kana kallon abin da za ka daka. Idan aka ninka gudun zuwa 100, nisan ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne. Littafin dokokin hanya na Ingila ma haka ya rubuta, cewa nisan tsayawa a ƙanƙara yana iya kai ninki 10 na busasshen titi. A duk lissafin nan babu inda aka tambaya taya nawa injin yake ja.

To me ya sa mu a nan muka yarda da ogzilari haka? Saboda mun ga aikinta da idonmu kuma ba ƙarya take ba. Duk wanda ya shiga ƙauye da damina, ko ya bi yashin arewacin Jigawa da Yobe, ya san banbancin Hilux mai ogzilari da wadda ba ta da ita, ɗaya ta wuce ɗaya a kira matasa su turo. Sai dai a taɓo da yashi matsalarka guda ɗaya ce, ka samu ka yi gaba. Tsayawa ba matsala ba ce, kana ɗaga ƙafa daga totur taɓon da kansa zai riƙe motar, ko burki ba sai ka taɓa ba. Ƙanƙara akasin haka take, ba abin da ke riƙe ka, ka ɗaga ƙafa motar ta ci gaba da sulalewa kamar ba a yi komai ba. Shi ya sa direban da ya ƙware a hanyoyinmu, wanda hannunsa ya faɗa sosai, idan ya je can da wannan sabon a kansa ya fi sabon koyo shiga haɗari, don shi sabon koyo tsoro yana hana shi gudu.

Akwai kuma wani abu da ya fi damuna. Mota mai jan gaba kawai, da safe kana fitowa daga layi ka ɗan ba ta wuta sai ka ji taya ta yi wuuu tana juyawa a banza, fitilar santsi tana ƙifta maka a dashbod, nan take jikinka ya gaya maka yau hanya ba kyau, sai ka natsu. Jif mai jan huɗu ba za ta yi maka wannan gargaɗin ba. Za ta tashi sumul kamar a kan titin Gidan Gwamnati, ka kai 60 ka kai 70 ba ka ji komai ba, ba za ka san a kan me kake tafiya ba sai ka zo danja ka taka burki. Ni dai a shekarun da na yi can, washegarin dusar farko ta shekara idan ka bi babbar hanya ka duba motocin da suka faɗa kwari a gefe, jif da akori-kura ba sa yin kaɗan a ciki. A watan Fabrairun 2021 a Fort Worth ta jihar Texas a Amurka, inda manyan akori-kura suka cika titi, ruwan da ke daskarewa yana sauka ya shafe babbar hanya da asuba, motoci sama da 130 suka yi ta afka wa juna har mutum 6 suka rasu, manya da ƙanana duk suka zama ɗaya.

Ba wai ina kushe ta ba ne, tana da ranarta. Idan an yi dusa cikin dare ta kai ƙwauri kuma motar shara ba ta zo layinku ba tukuna, jan huɗu da tsayin ƙasa su ne za su fitar da kai. Wajen hawa tudu tana taimakawa, wajen tashi daga mahaɗar titi ma haka, don a nan ne tayoyin motoci suke goge dusa har ta koma kamar gilas. Amma Winnipeg gari ne shimfiɗaɗɗe, fili ne fetal babu wasu tsaunuka, kuma manyan titunan ana share su, dubban mutane suna yin hunturu gaba ɗaya da ƙananan motoci masu jan gaba ba abin da ya same su.

Sannan ita kanta jan huɗun ba iri ɗaya ba ce, kuma ya kamata yaron ya san wadda zai saya. Akwai irin wadda muka saba da ita a Hilux, mai 2H da 4H da 4L, wadda kai ne kake sa ta da hannunka. Hilux ba a sayar da ita a can, Tacoma ce takwararta, da su 4Runner da manyan akori-kuran Amurka. Wannan idan ka sa 4H tana ɗaure furofelar gaba da ta baya ne su juya tare dole, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa. A yashi ko dusa ba damuwa don taya za ta ɗan zame ta sauke, amma a busasshiyar kwalta sai ka ji motar tana ƙagewa tana tsalle-tsalle a kwana, kana cin giyabos da taya. Matsalar ita ce titin birni a hunturu gauraye yake, nan busasshe, gaba kaɗan dusa, ƙarƙashin gada ƙanƙara, sai mutum ya rasa a wanne zai bar ta, da yawa sai su bar ta a 2H, wato ta koma mai jan baya kawai da bayan da ba nauyi, wanda shi ne mafi munin haɗi a kan santsi. Shi ya sa za ka ga masu akori-kura a can suna ɗora buhunan yashi a baya daidai kan taya. Kuma ko a 4H ɗin, a kan ƙanƙara tana son miƙewa ne idan ka karya sitiyari. 4L kuwa ta fita daga rami ce da tafiyar hawainiya, ba ta titi ba ce sam, haka makullin bakaksul, a wasu motocin Toyota ma kana kulle shi ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka burki, ke daina aiki.

Akwai ta biyu irin ta Prado da manyan Land Cruiser da Lexus GX, kullum a huɗu take amma tana da abin da ke raba juyi a tsakiya don haka ba ta ƙagewa a kwalta. Sai ta uku wadda ake rubuta wa AWD, irin ta RAV4 da CR-V da Highlander, yawancinsu da gaba suke tafiya sai kwamfuta ta ji santsi ta tura wani kaso baya da kanta, Subaru kuma tata kusan kullum tana ba wa duka huɗun. Ga mai zama a birni da iyali, wanda bai taɓa tuƙi a sanyi ba, wannan ta ukun ta fi, don ba ta jiran ya tuna ya murɗa wani abu.

Yanzu ga inda nake so ka sa kuɗinka Alhaji: taya. Wallahi da za a ce in zaɓa wa ɗana tsakanin Corolla mai tayar hunturu guda huɗu masu kyau da babbar jif mai tayar da ta zo da ita, ko tunani ba zan yi ba Corolla zan ɗauka. Robar tayar da muka sani tana fara tauri ne da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, a Winnipeg kuwa watan Janairu a kai 30 ƙasa da sifiri ba labari ba ne, a nan taya ta yau da kullum ta zama kamar busasshen katako, ka danna farce ba zai shiga ba. Tayar hunturu an haɗa robarta ne ta zauna da laushi a wannan sanyin. Idan ka ɗauki ɗaya ka duba da kyau za ka ga kowane ƙulli na zanenta an tsattsaga shi da ƙananan layuka sirara masu lanƙwasa, ka sa babban yatsa ka tura sai ka ga suna buɗewa kamar shafukan littafi, kowace tsaga baki ne da ke cizon ƙanƙara yana kuma shanye ɗan siririn ruwan da ke samanta, don wannan ruwan shi ne asalin santsin. Shi ya sa ma ƙanƙarar da ke kusa da sifiri, wadda ta fara narkewa, ta fi ta tsananin sanyi santsi. Manyan ramukan zanen kuma suna cika da dusa da gangan, saboda dusa tana kama dusa fiye da yadda roba ke kama ta. Mutanen Finlan ne suka fara yin irin wannan tayar, kamfanin da yanzu ake kira Nokian, tun 1934.

Yadda zai gane ta: a gefen tayar akwai hoton dutse mai ƙololuwa uku da tauraron dusa a cikinsa. Wannan alamar ita ce shaidar an gwada tayar a dusa ta ci jarrabawa. Wadda aka rubuta wa M+S kawai ba tare da hoton ba kada ya yarda dila ya ce masa ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne. Kuma kada ƙatuwar taya mai manyan haƙora irin ta shiga daji ta ruɗe shi, a taɓo sarauniya ce amma a ƙanƙara tana cikin mafi muni, don ba ta da waɗannan ƙananan tsagogin kuma robarta tauri gare ta.

Gwamnatocin can ba su ɗauki maganar da wasa ba. A lardin Kebek na Kanada doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris sai da tayar hunturu, kuma ba a cire mai jif ba. A Jamus tun 2010 idan hanya ta yi dusa ko ƙanƙara dole ne. A lardin Ontariyo na Kanada tun 2016 aka wajabta wa kamfanonin inshora su yi rangwame ga mai ita. Manitoba, lardin da Winnipeg take, inda yaron zai zauna ba a tilasta ba, to kada ya fake da wannan. A can an yarda da taya mai ƙananan ƙusoshi daga Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu, ita ce ta fi kowacce a zallar ƙanƙara, sai dai ƙara gare ta kuma a busasshiyar kwalta ba ta kai sauran ba, ga wanda yawancin tafiyarsa makaranta ce da kasuwa, mai kyau marar ƙusa ta wadatar.

Dan Allah a ja masa kunne a kan ɗabi'armu ta nan, ta zuwa Ƙofar Ruwa ko wajen mai faci a sayi taya ɗaya Beljiyam a saka, wata uku a sake sayen wata ta wani kamfanin daban. Can guda huɗu ake sakawa iri ɗaya lokaci ɗaya. Idan ya sa biyu a gaba kawai, gaba zai riƙe baya ya ƙwace, motar ta juya da shi a kwanar farko. Kuma mota mai AWD ba ta son tayoyi masu banbancin ci, yana wahalar da abin da ke raba juyin har ya lalace. Idan ta hannu zai saya ya auna zurfin zanen, hukumar sufurin Kanada ta ce wadda ta kusa milimita 4 kada a hau dusa da ita, ya kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, tsohuwar roba ko zanenta na nan ta riga ta bushe. Iska ma ya riƙa aunawa, duk saukar sanyi da digiri 5 zuwa 6 taya na rage wajen psi 1.

Sai tuƙin kansa. Riƙon taya kamar kuɗin cefane ne, guda ɗaya ne kuma a ciki za a yi komai, abin da ka kashe a burki ba ka da shi a kwana, abin da ka kashe a wuta ba ka da shi a sitiyari. A kwalta kuɗin da yawa shi ya sa muke taka burki a tsakiyar kwana mu wuce lafiya. A ƙanƙara ɗan kaɗan ne, dole abu ɗaya a lokaci ɗaya: ya gama rage gudu tun motar tana miƙe, ya saki burki, ya karya a hankali, sai ta miƙe sannan ya ba ta wuta. Komai a tausashe, ba fizga. Tazara tsakaninsa da na gaba ya ninka ta sau uku ko fiye, wannan manne wa bayan mota da muke yi a Kano da kutsa kai a ɗan tsukin wuri ya bar shi a filin jirgin Malam Aminu. Idan ya fito da safe, a layin da ba kowa yana tafiya a hankali, ya ɗan taka burki ya ji yadda ƙasa take, tunda motarsa ba za ta gaya masa da kanta ba.

ABS kuma mutanenmu da yawa ba su taɓa jin ta tana aiki ba, wasu ma fitilarta a kunne take shekara da shekaru an saba. Ranar da ta kama, feda za ta riƙa bugun tafin ƙafarsa da sauri, ya ji gurnani daga gaba kamar wani abu ya karye, abin da jiki ke so a lokacin shi ne ya ɗaga ƙafa. Kada ya ɗaga. Ya danne da ƙarfi ya riƙe, ya juya sitiyari inda yake so, don aikinta kenan, ta hana taya kullewa yadda zai iya kaucewa, ba wai lallai ta rage nisan tsayawa ba. Ita kuma na'urar hana juyawa, wadda Toyota ke rubuta wa VSC, Honda kuma VSA, ta zama dole a sabbin motocin Kanada tun daga 2011, saboda haka kada ya sayi motar da ta girmi wannan, kuma kada ya kashe ta sai in ya kafe a dusa yana so taya ta ɗan juya ya fita, yana fita ya mayar.

Idan gaba ya ƙi bin sitiyari motar ta miƙe, ƙara karyawa ba ya magani, ya sassauta wuta, ya ɗan rage karyar har taya ta sake kamawa. Idan baya ne ya zame, ya kalli inda yake son zuwa ya maida sitiyari can, ba tare da ya daki burki ba. Ido yana da muhimmanci ƙwarai, wanda ya ƙura wa falwaya ido falwayar zai daka. Wannan ba a koyonsa a rubutu, shi ya sa nake so cikin kuɗin a ware na malamin tuƙi ɗan can, ya fita da shi bayan dusa ta sauka, a je fili marar motoci ya taka burki ya ji ABS da ƙafarsa, ya bar motar ta zame ya dawo da ita. Matarsa ma in za ta yi tuƙi a yi mata haka. Na'urar riƙe gudu ta kan sitiyari kuwa a manta da ita har sai bazara.

Abin da ya fi kama baƙo shi ne baƙar ƙanƙara, siririya ce garau kana ganin kwalta ta cikinta, sai ka ɗauka titi ne ya ɗan jiƙe. Gada da gadar sama su ke fara daskarewa don iska na bi ta ƙarƙashinsu, haka inuwar gini da bishiya. Idan titi yana ƙyalli amma ba ka ga tayar na gabanka tana feshin ruwa ba, kuma ƙarar tayarka ta yi shiru, to a kanta kake. Lokacin fita sallar Asuba yana cikin mafi haɗari, haka bayan faɗuwar rana, kuma a Disamba rana na faɗuwa a Winnipeg tun wajen huɗu da rabi. Kada kuma ya dogara da gishirin da ake zubawa, idan sanyi ya wuce wajen 10 ƙasa da sifiri ƙarfinsa ya ragu sosai, shi ya sa a can suke haɗawa da yashi.

Wani abu da ba na so ya wuce ba a faɗa ba tunda akwai jariri. Idan mota ta kafe a dusa aka zauna ciki da injin a kunne don ɗumi, dusa na iya toshe salansa hayaƙin ya dawo ciki, ba shi da wari ba shi da kala, barci kawai zai ɗauki mutum. A Janairun 2022 a Murree ta Pakistan mutum sama da 20 suka rasu a cikin motocinsu da dusa ta rufe, har da yara, kuma wannan hayaƙin yana cikin abin da ya kashe su. Ya fita ya share bakin salansa, ya ɗan sauke gilas, ya riƙa kunna injin na ɗan lokaci yana kashewa, kuma kada ya bar motar ya kama tafiya a ƙasa cikin guguwa. A but kullum a samu shebur, bargo, tocila, wayar tada batir da ɗan abinci, tanki kuma kada ya sauka ƙasa da rabi. Jaririn idan za a ɗaure shi a kujerarsa a cire masa ƙatuwar rigar sanyi tukuna, a ɗaure bel ya kama jiki sannan a lulluɓa bargo a sama, don rigar tana sa bel ya yi sako-sako. Ranar da aka yi sanarwar guguwa kuwa ya zauna a gida ko ya hau bas, jif ba ta sa mutum ya ga hanya idan iska ta tada dusa ko'ina ya yi fari.

Sauran gyaran mota na sanyi ba su da wuya. Ruwan famfo a lagireto da cire tamostat da muke yi a nan, can injin zai fasa, ruwan kala ake sawa rabi da rabi wanda ke jure har wajen 37 ƙasa da sifiri. Ruwan waifa ma na hunturu ne daban. Ya tabbatar motar tana da hitar injin, zai ga wata 'yar waya da fulogi tana leƙowa ta gaban mota, a Winnipeg wuraren fakin da yawa akwai soket don ita. Batir mai rauni ba ya kai Janairu. Fetur zai saya ba dizal ba.

Saboda haka in shawarata kake nema Alhaji, kada kuɗin ya ƙare a girman bodi. Ya nemi RAV4 ko CR-V ko Subaru mai AWD wadda ba ta tsufa ba, ko ma Corolla ko Camry in kuɗin bai kai ba, ya ware na tayar hunturu huɗu sababbi da rim ɗinsu daban don sauƙin canji, ya saka su tun ƙarshen Oktoba kafin layi ya yi tsawo a gareji, ya cire su a bazara, sannan na malamin tuƙi da inshora. Kafin ya biya kuɗin kowace mota ya sa a ɗaga ta a duba ƙasa, gishirin titi yana cin shasi da bututun burki, irin tsatsar da muke gani a wasu motocin Kanada da ake kawo mana nan kenan, sama fes ƙasa duk ta cinye.

Kuma tunda maganar ta zo, kai ma ka sa direbanka ya duba tayoyin motocin gida. Cikin Beljiyam ɗin da ake shigo da su akwai tayoyin hunturu da yawa da aka gama da su a Turai, mutane na rububinsu don zanen yana da zurfi kuma da araha. Duk wadda ka ga hoton dutse da tauraron dusa a gefenta tare da waɗannan ƙananan tsagogin birjik, ba ta zafin Kano ba ce, a watan Afrilu da muke wuce digiri 40 robar tana yin laushi fiye da kima, ta ci da wuri, burki ya ƙara nisa, ga ta dama tsohuwa, a hanyar Kaduna ko Maiduguri da gudu da lodi irinsu ne ke fashewa.